KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR LAMBA

Yau kam sai ku yi mini haƙuri, ba labarin soyayya na kawo muku ba, babu Alhaji babu kishiya, babu saurayin da zai yi sallama a zaure. Wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na juya ta na sake juyawa, na ga idan ban amayar da ita ba za ta zame mini ciwo. Maganar kuwa ita ce ta bikin nan da kwalejojin horon malamai suke yi, wanda suke kira karrama fitattun tsofaffin ɗalibai da shugabanni. Na san wani zai ce ke kuma 'yar sakandare, me ya kai ki tsoma baki a harkar masu digiri? To ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Ya'yanmu ake damƙa wa waɗanda kwalejojin nan suka yaye, mu muke wanke musu yunifom, mu muke buɗe littattafansu da daddare mu ga abin da aka koya musu da wanda ba a koya ba. Saboda haka ina da bakin magana, kuma zan yi ta.

Tun farko bari in share hanya, kada a juya mini zance. Ni ba na gaba da karramawa, yabon gwani ai ya zama dole, kuma al'ummar da ba ta gode wa mutanen kirkinta ba za ta daɗe tana samun su ba. Abin da nake ja da shi tambaya ce guda ɗaya tak: a makarantar da aka gina domin ta fitar da malaman aji, wane ne gwanin?

Duk wanda ya taɓa leƙa irin wannan biki, ko ya saurare shi a rediyo, ya san yadda yake gudana. A kafa rumfuna, a jera kujerun kushin a sahun gaba, a ɗauko 'yan sanda su tare ƙofa. Sai an gaji da jira rana ta take, sannan ka ji jiniya, motoci su shigo suna tayar da ƙura, maroƙa su bi su da gudu. Daga nan mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya fara kiran sunaye. Wane ɗan majalisa ne, wane kwamishina ne, wane babban jami'in kwastan ne, wane manajan banki ne, wane kuma ɗan kwangila ne da ya yi alkawarin gina katanga. Kowanne a karanto tarihinsa, kuma kusan kowanne za ka ji an zo wata gaɓa an ce, "Ya taɓa koyarwa na shekara ɗaya ko biyu, kafin Allah ya ɗaga shi."

Kafin Allah ya ɗaga shi! Jama'a ku tsaya ku auna wannan magana. Wato shi aji rami ne, wanda ya fita Allah ya ɗaga shi, wanda ya zauna kuma Allah ya bar shi a ƙasa kenan? Kuma a ina ake faɗar haka? A tsakiyar filin makarantar koyon malanta, a gaban ɗaruruwan samari da 'yan mata da suke sanye da rigar yaye, waɗanda aka shekara uku ana gaya musu cewa koyarwa ita ce uwar sana'o'i. Wallahi duk laccar da aka yi musu a shekara ukun nan, wannan yini guda ya shafe ta, domin yaro ba abin da ka faɗa yake ɗauka ba, wanda ya ga ana tafa wa shi yake so ya zama.

Mu mutanen Panshekara a tsakiyar masana'antu muka tashi, mun san yadda ake auna kamfani. Idan ka shiga Challawa inda ake jimar fatu, da fata mai kyau ake yabon majemi. Idan ka je Sharada ko Bompai, mai yin buhu da buhunsa yake tinƙaho, mai yin takalmin roba da takalminsa. Ban taɓa jin kamfanin da ya tara jama'a ya ce ku zo ku taya ni murna, kayana mafi daraja su ne waɗanda suka ƙi zama abin da na yi su dominsa ba. Sai kwalejin ilimi. Ita ce kaɗai masana'antar da take kunyar hajarta, take ɓoye ta a bayan rumfa, ta fito da wadda ta sulale mata ta ɗora a kan tebur.

Kuma fa makarantun nan ba ƙanana ba ne, suna da tarihin da ya isa a yi alfahari da shi. Ɗauki wadda take kan titin zuwa Jami'ar Bayero. A 1961 aka kafa ta domin horar da malamai maza, ta fara zama a Gwale, daga baya ta zama ATC a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a 1990 ta koma Kwalejin Ilimi ta Tarayya. A 2015 gwamnatin Jonathan ta ce ta mayar da ita jami'a, gwamnatin Buhari ta zo ta dakatar, daga baya dai ta zama jami'ar ilimi, a 2025 kuma aka sa mata sunan Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule. Ga kuma ta nan ƙaramar hukumarmu ta Kumbotso, a kan titin Zariya, wadda aka kafa a 1981 zamanin mulkin Abubakar Rimi, take ɗauke da sunan maiɗakinsa Hajiya Sa'adatu. Ita ma a 2023 an ce ta zama jami'a, kafin shekarar ta ƙare sabuwar gwamnati ta dawo da ita kwaleji. Mai karatu ka lissafa, sama da shekara sittin ɗaya tana yaye malamai, ɗaya sama da arba'in. Babu unguwa a Kano, babu ƙauye daga Doguwa har Kunci, da ba za ka tarar da wanda ya fito daga ɗayansu yana riƙe da alli ba. Allon ƙofa ya canja ya sake canjawa, masu fenti sun ci kasuwa, amma shi mai allin yana nan inda aka bar shi, rabonsa da makarantar da ta yaye shi tun ranar da ya karɓi takardarsa.

Na taɓa halartar irin wannan taro a wata jiha ta Arewa, ba zan kama sunan makarantar ba, ranar da aka yaye wata ƙanwata. Muna can baya inda rumfa ba ta kai ba, kusa da ni akwai wani dattijo da wata tsohuwar jakar fata, hularsa duk ta ƙoƙe, takalminsa an sha yi masa faci. Da aka kira wani babban baƙo aka rataya masa lamba, sai na ga dattijon ya miƙe yana tafi har da ƙwalla. Na ce, "Baba, ɗanka ne?" Ya ce, "A'a 'yata, ni na koya masa haɗa baƙi a aji ɗaya. Ni ma nan na yi karatu, shekarata talatin da uku ina koyarwa." Na ce, "To Baba ba za ka ƙarasa ku gaisa ba?" Sai ya yi murmushi ya nuna mini 'yan sandan da suka tsaya a bakin igiya, ya ce, "Ba ni da kati." Allah sarki! Ko robar ruwa ba ta iso inda yake ba har aka tashi. Shi bai yi fushi ba, ni ce na yi fushi a madadinsa, kuma har yau ban huce ba.

To na san amsoshin da za a ba ni, domin na sha jin su, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Za a ce ai makaranta tana bukatar kuɗi, gwamnati ba ta iya ɗaukar komai, idan ba a jawo masu hali a jiki ba wa zai gina ɗakin karatu, wa zai haƙa rijiyar burtsatse? Gaskiya ne, ban musa ba. Amma idan kuɗi ake nema a kira abin da sunansa, a ce gidauniya ce, a ajiye faranti kowa ya zuba, a yi masa godiya a yi masa addu'a. Mu mata mun san bambancin biki da adashi. Da zarar an ce lambar yabo sai mai iya biya, to ta tashi daga yabo ta koma rasit. Kuma su kansu manyan boko sun san wannan cuta, shi ya sa a 2012 shugabannin jami'o'in Nijeriya suka taru a Keffi suka amince a daina ba masu riƙe da muƙamin gwamnati digirin girmamawa. Ruwa ba ya tsami banza. Idan har jami'o'i sun ga abin ya kai su ja wa kansu burki, me zai hana kwalejojin ilimi su shafa wa gemunsu ruwa?

Za a kuma ce, ke ba ki san tarihi ba ne, ai manyan Arewa duk malamai ne da suka bar aji. Na sani mana. Sardauna Ahmadu Bello da ya gama Kwalejin Katsina a Midil ta Sakkwato ya koyar. Abubakar Tafawa Ɓalewa har hedimasta ya yi a Midil ta Bauci. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauci da Maru kafin ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi siyasa. Shehu Shagari malami ne, shi ma Ɗanmasani a Midil ta Kano ya fara. Amma jama'a mu ji tsoron Allah, wane irin bari suka yi wa ajin? Malam Aminu tun yana malami ya tsaya aka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, don malami ya samu bakin magana, ya kuma ƙare rayuwarsa yana faɗa a kan ilimin talaka da ilimin mata, ya rasu a 1983 ya bar ɗan gidansa na Gwammaja wanda kowa yana iya zuwa ya gani da idonsa. Sardauna ya tsaya da ƙafarsa har aka buɗe jami'a a Zariya a 1962. Waɗannan sun fita daga aji ɗaya ne don su gina dubu. Saboda haka ga ma'auni nan su da kansu suka bar mana: wanda ya bar aji, me ya waiwayo ya yi wa ajin? Idan ya gina, ya gyara, ya tsaya wa malamai a majalisa, ya ɗauki nauyin 'ya'yan talakawa, wallahi a ba shi lamba har biyu, ni zan fara yin guɗa. Idan kuwa abin da ya yi kawai shi ne ya yi kuɗi, to banki ya karrama shi, ba kwalejin ilimi ba.

Za a sake cewa ai akwai ranar malamai, a can ake tunawa da su. E, ranar 5 ga Oktoba ce, tun 1994 ake yin ta a duniya. A irin wannan rana ce a 2020 gwamnatin tarayya ta yi wa malamai alkawarin tsarin albashi na musamman, a 2022 kuma aka sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayarsu 65, ko shekara 40 ta aiki. Sai mai karatu ya tari malamin firamaren unguwarsu ya tambaye shi me ya shigo aljihunsa daga alkawarin, ni ba zan ari bakinsa in ci masa albasa ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, tun 2015 masu lemon Maltina suke zaɓen gwarzon malamin sakandare na shekara a ƙasar nan, su ba shi kyauta mai tsoka. A waje kuma akwai kyautar dala miliyan 1 da ake ba malami guda, a 2019 wani malamin kimiyya na wata makarantar ƙauye a ƙasar Kenya, mai suna Peter Tabichi, shi ya cinye ta, duniya duk ta ga hotonsa. Ikon Allah! Mai sayar da lemo ya san darajar malamin aji, baƙo daga wata uwa duniya ya san ta, sai uwar da ta haife shi ce za ta wuce shi a bakin igiya ba ta gane shi ba? Wannan ai ita ce inuwar giginya, na nesa ka sha.

Yanzu bari in juyo kan su shugabannin, tunda su ma suna cikin masu karɓar lamba. Akwai shugabannin makarantu na kirki, waɗanda suka tarar da kango suka bar gini, suka tarar da rigima suka bar zaman lafiya, Allah ya saka musu. Amma ina hikimar a karrama mutum yana kan kujera? Shi ya naɗa kwamitin, shi ya sa hannu a takardar kuɗin bikin, shi za a kira a miƙa wa allon yabo ya yi kamar abin ya zo masa ba zato. Haba! Ko amarya ba ta yi wa kanta guɗa. A bari mana ya sauka, a shekara biyar, ƙura ta lafa, masu neman ƙarin girma a hannunsa su watse, sannan a tambayi masinja da mai shara da ɗaliban da suka yi zamani da shi. Abin da suka faɗa a ranar shi ne yabo na gaskiya.

Sannan idan an tashi lissafa ayyukan shugaba, gine-gine ake nunawa, an gina zauren lacca, an gina ofis mai hawa biyu, an yi sabuwar ƙofa. To kuɗin wa? Akasarin manyan gine-ginen da ka gani a makarantun gaba da sakandare za ka ga an rubuta TETFund a jikinsu. Asalin wannan asusu dokar 1993 ce, wadda ta ɗora wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu, a 2023 ya kai kashi 3. Ribar kamfani kuwa daga ina take fitowa? Daga gumin leburan da yake fita Panshekara da asuba da ɗan ƙunshin abincinsa, ya yini a tsaye gaban inji a Challawa, ya dawo hannu duk ya ci sinadari, tufafinsa suna warin jima. Da guminsa aka yi zauren, sunan wani aka manna a jiki. Shi kuwa ɗansa yana zaune a ƙasa a ajin da yara suka yi wa malami yawa, har na baya ba ya jin abin da na gaba yake faɗa. Wannan lebura bai nemi a sa sunansa a bango ba, abin da yake nema daga kwalejin ilimi ɗaya ne: ta aiko wa ɗansa malamin da ya iya, kuma wanda zai zauna. Da wannan ya kamata a auna shugaba. Malamai nawa ka yaye? Nawa ne suke aji har yanzu? Yaran da suke hannunsu sun iya karatu?

Ku tuna abin da ya faru a jihar Kaduna a 2017, lokacin da gwamnati ta yi wa malaman firamare jarrabawa ta 'yan aji huɗu, aka ce sama da 21,000 sun faɗi, aka sallame su. An baza takardun wasunsu a jaridu, ƙasa duk ta yi ta dariya. Ni ban ce a bar wanda bai iya ba ya ci gaba da lalata 'ya'yan mutane ba. Amma da yawansu ai da takarda suka shiga aikin, kuma takardar wani ne ya sa mata hannu ya buga mata hatimi. Ranar kunya malami shi kaɗai aka tsayar a rana, ranar yabo kuma shi kaɗai ake bari a rana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma kada a ɗauka abin nan ƙarami ne, wai don an hana wani tsoho allon katako. Duba yadda ake shiga makarantun tun daga ƙofa. A 2025 mafi ƙarancin makin jarrabawar JAMB da aka yanka wa masu shiga jami'a 150 ne cikin 400, na kwalejin ilimi kuwa 100. Wato tun a ƙofar shiga an gaya wa yaro cewa nan ce matattarar wanda ya rasa. A gida ma haka, uba ya ce tunda likita ta ƙi, lauya ta ƙi, je ka yi NCE kafin Allah ya kawo wata hanya. Ya shiga da sanyin jiki, ya zo fita kuma a nuna masa cewa fitattu su ne waɗanda suka gudu. To don Allah wa zai zauna? Shi ya sa a nan unguwanninmu za ka ga mai NCE yana layin neman aikin wucin gadi a ƙofar kamfani, wani yana jan A Daidaita Sahu, wata tana koyarwa a 'yar makarantar kuɗi a kan albashin da bai kai kuɗin cefanen mako biyu ba, idonta yana kan hanya. A 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, abin a yaba ne, ana gyaran azuzuwa ana ɗaukar malamai. Amma siminti ba ya koyar da yaro, kuma mutum ba ya daɗewa a sana'ar da ake jin kunyar ambatonsa da ita.

Mu mata kuwa namu ya fi ciwo. Je ka kowace firamare a cikin gari da kewaye ka ƙirga malamai mata. Ita ce za ta tashi da asuba ta dafa, ta shirya nata 'ya'yan, ta goya jariri ta tafi ta tarbi 'ya'yan wasu, ta share wa wannan majina ta raba wancan faɗa, ta dawo ta ɗora tukunya, da daddare ta zauna duba littattafai da fitilar waya. Saboda ita ne magidanta da yawa suka yarda suka bar 'ya'yansu mata a makaranta. Amma ranar karramawa idan ka ga mace a sahun gaba, sau da yawa matar wani ce, darajar mijinta ta ci. Alhali kuwa mu a gidanmu muna da abin koyi tun kafin Bature ya zo da allon katakonsa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa tsarin 'Yan Taru, matan da suke bin ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu mata su ta ɗaukaka. Jaji ake kiran kowacce, kuma ita da hannunta take ɗora mata malfa ta naɗa mata jan ƙyalle a kai, don duk garin da ta shiga a san malama ce ta iso, a ba ta girmanta. Ba ta jira sai jaji ta yi dukiya ba, ba ta tambayi wa take aure ba. Tana kan aikin aka naɗa ta, kuma saboda aikin. Yau shekara fiye da 160, da digirorinmu da rigunan yayenmu, mun kasa kamo ƙafar wannan hikima.

Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba, don haka ga 'yar shawarata ga masu shirya irin wannan biki, in sun ga dama su ɗauka.

Na farko, duk lambar da za a raba a kasa ta biyu, rabi na waɗanda suke cikin aji ne har yanzu ko suka yi ritaya a cikinsa, wanda ya shekara ashirin zuwa sama, kuma a tabbatar da mata a ciki, da na ƙauye inda mota ba ta zuwa da damina. Na biyu, kada a bar zaɓen a hannun kwamitin ofis kaɗai, a tambayi iyayen yara, a tambayi tsofaffin ɗalibai, a tambayi masu unguwanni, su suka san malamin da ba ya fashi da wanda yake sayen alli da kuɗinsa. Na uku, mai riƙe da muƙami, ko na gwamnati ko na makarantar, ya jira sai ya sauka. Na huɗu, kada a sallami malami da allon katako da hoto, allo ba ya shiga tukunya. Tunda ga masu hali nan an tara, to ga inda kuɗinsu zai yi amfani: wannan ya ba da fili, wancan ya biya kujerar Makka, wani ya ɗauki karatun ɗan malamin har ya gama. Na biyar, kuma wannan ko kwabo ba ya ci, babban baƙon da aka gayyato a ce masa ya zo da malaminsa na firamare in yana raye, shi za a zaunar a kujerar kushin, shi kuma babban ya tsaya a bayansa. Wallahi ranar da ɗalibai suka ga kwamishina ya durƙusa a gaban wani tsoho mai facin takalmi, sun samu darasin da babu shi a manhaja. Sannan cikin zaurukan nan da ake ta raɗa wa sunayen manya, a ware ko guda ɗaya a sa masa sunan wata malamar aji ɗaya.

Ku kuma manyanmu da ake kira ana rataya muku lamba, ban ce ku ƙi zuwa ba. Amma kafin ka miƙa wuya, tambayi kanka yaushe rabonka da firamaren da ka yi, kana da labarin rufinta? Wanda ya kama hannunka ya koya maka riƙe fensir yana raye ko ya rasu, an biya shi haƙƙinsa na ritaya ko yana can yana jeka-ka-dawo da fayil a hammata? Gidan ruwan Challawa da yake nan gefenmu tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero yake tura ruwa cikin birni, mai buɗe famfo a can ba ya tuna akwai wanda ya kwana yana gadin inji, sai ranar da famfon ya ƙafe. Kada mu bari sai ranar da aka nemi mai shiga aji aka rasa sannan mu fara ihu bayan hari.

Wanda maganata ta ɓata wa rai ya yi haƙuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu ya haskaka makwancinsu, waɗanda suke raye Allah ya ba su lafiya da wadata, ya ba mu ikon girmama su tun suna ji suna gani. Sai mun haɗu a rubutu na gaba idan rai ya kai.